Malaman Asibiti a Damagaram: Nauyin da Ba Ya Shiga Rahoto

A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fitar da wata sanarwa mai tayar da hankali. A sashen yara na asibitin Magarya, kudu da birnin Zinder (Damagaram) a Nijar, yara fiye da 700 ne ke kwance a lokaci guda, kuma a watan da ya gabaci sanarwar kusan yara 10 ke rasuwa kowace rana. Zazzaɓin cizon sauro da tamowa ne suka haɗu suka rufar wa yankin, kamar yadda suke yi duk damina, sai dai na waccan shekarar ya yi tsanani. Gidajen rediyo sun ɗauki labarin, jama'a sun yi jimami, kuma abin ya isa jimami. Amma akwai waɗansu mutane a cikin labarin da ba a ƙirga ba. Su ne suka riƙe hannun kowane yaro suna laluben jijiya, su ne suka sa ƙarin jini, su ne suka zare allura daga hannun wanda ya cika, suka juya suka sanar da uwarsa, sannan suka gyara gadon da sauri saboda wani yaron na jira. Malaman asibiti ke nan, waɗanda ake kira anfirme a wannan ɓangare na ƙasar Hausa, nas kuma a ƙetaren iyaka.

Idan aka tada zancensu a fadar samari ko wajen suna, kusan magana ɗaya ce ke fitowa: ba su da tausayi, suna da tsawa, sai wanda suka sani suke dubawa. Akwai gaskiya a cikin wannan koke, kuma za mu zo kansa. Abin da nake gani shi ne, mun daɗe muna auna halin malamin asibiti ba tare da mun auna kayan da ke kansa ba. A Damagaram an ɗora masa aikin likita, da na ungozoma, da na akawu, da na mai gadin magani, amma ba a ba shi matsayi ko albashi ko kariya daidai da wannan nauyi ba. Duk abin da ya lalace a sama, daga Yamai har ofishin gunduma, a fuskarsa majinyaci ke ganinsa.

Jihar Zinder ita ce ta fi kowace jiha yawan jama'a a Nijar. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3.5, kuma tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai, a ƙasar da mace ke haihuwar yara fiye da 6 a tsakaitaccen lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa na bukatar likitoci da malaman asibiti da ungozomomi kusan 45 ga kowane mutum 10,000 kafin ta iya kula da lafiyar jama'arta yadda ya kamata. A Nijar malaman asibiti da ungozomomi ba su wuce 2 zuwa 3 ba ga wannan adadi, likitoci kuwa ko 1 ba su kai ba. Ƴan kaɗan ɗin ma ba a raba su daidai ba: Yamai ta kwashe kaso mafi tsoka, manyan birane suka bi baya, karkara ta samu ragowa.

Tsarin kiwon lafiyar ƙasar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙananan gidajen likita na ƙauye, waɗanda aka gina da yawa a zamanin shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou daga farkon shekarun 2000. Sama da su akwai cibiyoyin lafiya da ake kira CSI, sai asibitocin gunduma irin na Magarya, Mirya, Matamai, Tanut da Gure, sannan Asibitin Ƙasa na Zinder da cibiyar kula da uwa da yaro a cikin birni. Mafi yawan talakawa a CSI jinyarsu ke farawa, a can kuma take ƙarewa. Wanda ke riƙe da CSI kuwa, a mafi yawan wurare, malamin asibiti ne, wanda kowa ke kira majo.

A ɗauki wata CSI a ƙauye cikin watan Satumba. Kafin rana ta fito mata sun cika rumfa, kowace da goyo, waɗansu sun taso tun asuba a kan amalanke. Majo zai duba su ɗaya bayan ɗaya: ya taɓa goshi, ya ja fatar ido ya ga ko jini ya ƙare, ya soki yatsa ya yi gwajin zazzaɓi, ya auna damtse da ɗan tsiri mai launi uku. Idan tsirin ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da milimita 115, yaron ya shiga tamowa mai tsanani. A tsakiyar wannan layi za a shigo da wani yana jijjiga, idanu sun kakkafe. Dole a bar kowa a koma kansa. Jijiyar yaron da gudawa da zazzaɓi suka tsotse ba ta ganuwa. A nema a bayan hannu a rasa, a koma ƙafa, wani lokaci sai an aske gefen kai. Yaron na kuka ko ma ya daina kukan, uwar na kallon kowane motsin hannun majo, sauran matan da ke waje kuma sun fara guna-guni cewa an manta da su. Da azahar layin bai kai rabi ba. Da dare, bayan ya samu ya kai ƙugu ƙasa, za a buga masa ƙofa, domin gidansa na cikin harabar ko dab da ita: an kawo mai naƙuda. Idan babu ungozoma a wurin, shi zai karɓi haihuwar, kuma idan wuta babu, da fitilar salula zai yi ɗinki, wani ya riƙe masa ko ya danne ta da haɓa. Gari na wayewa rumfa ta sake cika. Babu wanda zai karɓe shi.

Bayan majinyata akwai takardu. Rajistar masu zuwa, ta awon ciki, ta allurar rigakafi, ta tamowa, ta tarin fuka, takardun shigar magani da fitarsa, rahoton mako na cututtuka masu yaɗuwa, rahoton wata. Kowane shiri da kowace ƙungiya mai ba da tallafi na da nata fom, kuma kowa na son nasa a kan lokaci. Ga kuma kamfen da ba ya ƙarewa: na shan inna, na ƙyanda, na rabon gidan sauro, na maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba yara wata-wata a damina. Duk ayyukan alheri ne, amma hannun da zai yi su ɗaya ne. Ranar da majo ya tafi taron horo a gunduma, cibiyar takan rage a hannun mataimaki ko ɗan koyo, jama'a kuma su ce likita ya gudu ya bar su.

Inda abin ya fi yi wa malaman asibiti ciwo shi ne batun magani kyauta. A 2005 gwamnati ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Wannan mataki ya ceci rayuka masu yawa, kuma babu mai hankalin da zai so a janye shi. Tsarin shi ne, cibiya ta duba yaro ta ba shi magani ba tare da karɓar ko dala ba, sannan ta aika wa gwamnati takardar kuɗi a biya ta. Matsalar ita ce biyan. Shekara da shekaru ana yin jinkiri na watanni, wani lokaci na shekaru, har bashin da cibiyoyin lafiya ke bin gwamnati ya kai biliyoyin sefa. Cibiyar da ba a biya ba ba ta da abin sake sayo magani. Sai kantar magani ta bushe. Uba ya ji a rediyo cewa jinyar ɗansa kyauta ce, ya zo, aka miƙa masa takardar magani aka ce ya je farmasi ya saya. Me zai zata? Zai ce majo ya sayar da maganin gwamnati ya sa kuɗin a aljihu. Ba zai je ma'aikatar kuɗi a Yamai ya yi faɗa ba, kilomita kusan 900 ne tsakaninsu. Wanda ke gabansa zai zaga. An bar jaki ana dukan taiki. A 2024 hukumomi sun sanar da rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, tare da mayar da haihuwa kyauta daga watan Satumba. Talaka ya yi murna, kuma ya kamata ya yi. Amma darasin 2006 yana nan: idan kuɗin da zai cike gurbin bai iso cibiya a kan kari ba, jama'a za su ƙaru a bakin ƙofa, kaya su ragu a ciki, kuma malamin asibiti ne zai sake shan zargi.

Sai maganar matsayin aiki, wadda mutanen waje ba su cika sani ba. Idan ka shiga ɗakin jinya ka ga mutum huɗu cikin farar riga, kada ka ɗauka duk ɗaya suke. Wata ma'aikaciyar gwamnati ce mai lamba da albashi da fatan fansho. Wani ɗan kwantaragi ne, aikinsu ɗaya da ta farko amma abin da yake karɓa bai kai nata ba, ga jinkirin biya, ga rashin tabbas. Wata tana yi wa ƙasa hidima ne na ɗan lokaci. Ta huɗun kuwa aikin sa-kai take yi: ta gama makaranta, tana da takardar shaida, tana kwana a bakin aiki kamar kowa, amma ba ta da albashi ko kaɗan, sai ɗan abin da aka ga dama aka ba ta. Tana zuwa ne don kada hannunta ya manta aiki, kuma don ranar da za a ɗauki ma'aikata a tuna da ita. Akwai masu shafe shekaru a haka. Makarantar kiwon lafiya ta gwamnati da ke Zinder ta daɗe tana yaye ma'aikata, makarantu masu zaman kansu sun ƙaru, iyaye na sayar da dabba da amfanin gona su biya wa ƴaƴansu kuɗin karatu. Sai ga ƙasa mai ƙarancin malaman asibiti tana da malaman asibiti marasa aikin yi. Wannan ba ƙarancin mutane ba ne, ƙarancin kuɗin ɗaukarsu ne da kuma rashin sa abin a gaba. A ganina babu zaluncin da ya kai a gina aikin asibiti a kan gumin wanda ba a biya, sannan a yi mamaki idan ya miƙa hannu ya karɓi na goro.

Ƙungiyoyin agaji sun ɗan buɗe ƙofa. Tun bayan yunwar 2005 MSF ke aiki a Magarya, ALIMA da ƙungiyar gida ta BEFEN kuma suna Mirya tun 2009. Sun ɗauki ma'aikata da yawa, sun horar da su, suna biya a kan lokaci. Amma hakan ya haifar da aji biyu a cikin sana'a ɗaya, wani lokaci a cikin harabar asibiti ɗaya: a wannan ɗaki akwai safar hannu da iskar numfashi da albashi mai kyau, a wancan babu. Mai ƙwazo yakan bar na gwamnati ya koma can, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai aikin ƙungiya na da wa'adi. Da yawa ana ɗaukarsu ne na watannin da cuta ke tsananta, a sallame su idan kaka ta wuce. Kuma tun da Amurka ta datse tallafinta na ƙetare a farkon 2025, kowa ya ga yadda shawarar da aka yanke a wata nahiya ke iya rufe aikin mutum a ƙauyensu.

Ga kuma haɗarin da ke kan jiki. Abu na farko da ake koya wa ɗalibin jinya shi ne wanke hannu. Zinder kuwa gari ne da ƙishirwarsa ta shahara a duk faɗin Nijar. An jawo ruwa daga Gogo da Machaya, daga Arunguza, daga Ganaram, amma har yau akwai unguwannin da famfo kan yi kwanaki bai zubo ba, sai a jira ƴan garuwa. A karkara akwai cibiyoyin da ruwan ɗakin haihuwa dangin mai naƙuda ne ke ɗebo shi a jarka. Wuta ma haka. Yankin ya dogara ƙwarai da layin da ke zuwa daga Najeriya ta Katsina, kuma da aka yanke shi a watan Agusta na 2023, sakamakon takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, an yi watanni ana fama kafin a mayar da shi a Maris na 2024. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin da ya cika da majinyata babu fanka wuri ne da lafiyayye ma ke galabaita a ciki. A cikin wannan hali ake son mutum ya lissafa adadin maganin jariri ba tare da kuskure ba.

Cututtukan da kowa ke gudu, su ake turawa su tare su. Korona ta zo a 2020. A 2021 amai da gudawa sun ratsa Zinder da Maraɗi. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 559 da suka kamu da sanƙarau a jihar Zinder, 18 suka rasu, kuma Dungas ce ta fi shan wahala. A 2023 mashaƙo ya ɓulla, Matamai ta zama cibiyarsa. Waɗannan su ne masu shiga labarai. Akwai kuma na kullum da ba a jin ɗuriyarsu: mai tarin fuka da ke tari a fuskar mai duba shi a ɗaki marar iska, jinin haihuwa da ke fantsama a ido, allurar da aka gama yi wa wani ta soki yatsa a cikin gaggawa, a ƙasar da ciwon hanta ya yi yawa. Malamin asibiti kan koma gida da duk wannan a jikinsa, ya rungumi ƴaƴansa. Ciwon baya da na ƙafa daga tsayuwa da ɗaga majinyata kuwa, an ɗauke shi kamar wani ɓangare na rigar aiki.

Mata a wannan sana'a na da nasu ƙarin kaya. Ta kwana a tsaye, ta dawo gida da safe, girki da wanki da yara na jiranta, kuma ba kowane miji ko uwar miji ke fahimtar cewa barcin rana a wurinta ba lalaci ba ne. Akwai masu yi wa macen da ke kwana a waje kallon banza, ko da kuwa matansu take karɓa wa haihuwa a wannan daren. Idan aka tura ta ƙauye mai nisa, ko dai ta raba gida biyu ko ta shiga neman hanyar dawowa birni, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka sa ma'aikata mata suka taru a birane alhali matan karkara su ne suka fi bukatar mace ta duba su. Namiji da aka tura can kuma sai ya ci karo da maigidan da ba ya son namiji ya taɓa matarsa, ya riƙe ta a gida har sai naƙuda ta yi tsawo, sannan a kawo ta a mawuyacin hali.

Jinkirin kawo majinyaci babban abu ne a rayuwar malamin asibiti. Kafin yaro ya iso, sau da yawa an gwada jiƙo, an je wurin wanzami an cire beli, an sayi ƙwayoyi a hannun mai talla a kasuwa, an jira maigida ya dawo daga gona ko ya turo kuɗi daga ci-rani. Ba a zargin uwa a nan. Talauci da nisa da ikon da ba a hannunta yake ba su ne suka tsayar da ita. Amma sakamakon shi ne, ana kawo wa majo wanda ya riga ya yi nisa. A lokacin ne zai yanke shawara mafi wuya: ya riƙe shi da ɗan abin da ke hannunsa, ko ya tura shi gaba? Turawa na nufin neman motar asibiti wadda wataƙila tana wani ƙauyen ko ta lalace, da kuɗin mai da dangi za su haɗa a wurare da dama, da hanyar yashi ko ta laka. A yankunan Tanut da Gure da Tasker tafiyar kan ci awanni. Idan ya tura aka rasu a hanya, a ce shi ya kore su. Idan ya riƙe aka rasu a hannunsa, a ce allurarsa ce. Zagi da barazana daga dangin da baƙin ciki ya rufe wa ido ba baƙon abu ba ne, kuma a ƙaramar cibiya da tsakar dare babu mai gadi, babu wanda zai shiga tsakani.

Abin da na fi jin tsoronsa a kansu shi ne wanda ba a gani. Mutum ya ga mutuwar yara biyu ko uku a dare ɗaya, mako bayan mako, yana sane cewa da akwai jini a ajiye ko iskar numfashi da wataƙila ɗaya ya tashi. Al'adarmu ta tanadi ta'aziyya ga iyaye da dangi, ta tanadi zaman makoki da addu'a. Ba ta tanadi komai ga wanda yaron ya cika a hannunsa ba. Zai ce wa uwar ta yi haƙuri, kwana ne ya ƙare, ya wanke hannu ya kira na gaba. Imani da ƙaddara na taimaka masa ya miƙe, amma ba ya goge abin da ido ya gani. Wanda ya ce zuciyarsa ta gaji, abokan aiki za su ce masa ai kowa haka yake. A hankali sai mutum ya koyi rufe zuciya don ya iya ci gaba, ya daina kallon fuskar uwa, ya rage magana. Masana sun daɗe da gane wannan ƙonewar zuciya a tsakanin ma'aikatan jinya a ko'ina cikin duniya, har a ƙasashen da malama ɗaya ke kula da gadaje kaɗan. Abin da majinyaci ke gani a matsayin taurin zuciya, wani lokaci tabon wannan ne.

Akwai kuma nauyin sanayya. Malamin asibiti ɗan gari ba ya tashi daga aiki. A masallaci a nuna masa kumburi, a gida maƙwabta su aiko a zo a yi wa tsohuwa allura, ɗan'uwa daga ƙauye ya sauka a gidansa da majinyaci yana sa ran ci da kwana da kuɗin magani. A wurin aiki kuma gwaggo ta leƙo ta ce, “Ɗana, ka dube ni in tafi, na bar tukunya a wuta.” Idan ya shigar da ita gaban layi ya zalunci waɗanda suka zo tun asuba. Idan ya ce ta jira, kafin magariba dangi sun ji cewa boko ya sa ya manta da nasa.

Duk wannan ba ya wanke laifin da ke akwai. Mata da yawa a Damagaram na da labarin tsawa da gori da suka sha a ɗakin haihuwa, a lokacin da mace ta fi kowane lokaci bukatar tausasawa. Akwai ma'aikatan da ke zuwa a makare su tashi da wuri, akwai masu sayar da maganinsu a gefe, akwai masu duba tufafin mutum kafin su duba ciwonsa. Masu bincike sun rubuta wannan ba tare da ɓoye-ɓoye ba. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun fitar da littafi a kan yadda ake karɓar majinyata a manyan birane 5 na Afirka ta Yamma, har da Yamai, kuma abin da suka gano bai yi wa ma'aikatan daɗi ba: wanda ba shi da kowa a asibiti shi ke shan wulaƙanci. Binciken ya kuma nuna cewa irin wannan hali koyonsa ake yi a bakin aiki, ƙarami ya gani a wurin babba. Abin da aka koya kuwa ana iya sauya shi. Gajiya ba hujja ba ce ta zagin mai naƙuda, kuma akwai malamai masu yawa da ke cikin gajiyar nan ɗaya amma ba su taɓa ɗaga wa majinyaci murya ba. Su ne shaidar cewa ana iyawa. Sai dai ba daidai ba ne ƙasa ta dogara da cewa kowane ma'aikaci zai zama waliyyi. Hukunta mai laifi na da ma'ana ne a wurin da aka biya mai gaskiya haƙƙinsa.

Idan tura ta kai bango, ƙungiyarsu ta SUSAS kan kira yajin aiki a kan albashi da alawus da ɗaukar ƴan kwantaragi. Ko nan ma a tsaka mai wuya suke. Malamin makaranta ya yi yaji, darasi ne ke jira. Malamin asibiti ya yi, ko da an bar masu kula da gaggawa, rai ne ke jira, kuma shi ya fi kowa sanin haka. Shi ya sa da yawa ke haɗiye kokensu har ya zama ɗaci.

Akwai abubuwan da aka gwada a ƙasar nan kuma suka rage nauyin. A Mirya ne ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata auna damtsen ƴaƴansu da kansu a gida, aka ga suna iyawa, kuma ana kawo yara tun tamowa ba ta yi nisa ba. Yanzu dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Rabon maganin rigakafin zazzaɓi a damina, wanda aka fara a Nijar a 2013 kuma Magarya na cikin wuraren farko, na rage yawan yaran da ke isowa suna jijjiga. Faifan hasken rana a kan rufin cibiya da rijiyar burtsatse a harabarta na sauya aikin dare gaba ɗaya. Babu ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙasa.

Ina kira ga ma'aikatar lafiya da hukumomin jiha da su fara da waɗanda ke cikin farar riga ba albashi: a ɗauke su aiki, a tura su inda majo ke shi kaɗai, da gidan zama da alawus na nisa da zai sa su zauna. A biya cibiyoyi kuɗin jinyar kyauta a kan lokaci, kuma idan magani ya yanke, hukuma ta fito ta faɗa da bakinta a rediyo, kada a bar ma'aikaci ya amsa laifin da ba nasa ba. A yi wa kowane ma'aikaci da ɗalibi rigakafin ciwon hanta kafin ya taɓa allura. A tsara hutu bayan kwanan aiki, a samar da wanda za su yi magana da shi bayan watannin damina. Fadar Sarkin Damagaram da hakimai da limamai, waɗanda ake saurara idan sun yi magana a kan rigakafi, su ƙara da maganar kai majinyaci da wuri da mutunta mai jinya. Kai kuma mai karatu, idan aka wulaƙanta ka a asibiti kada ka yi shiru, ka kai ƙara wurin shugaban cibiya ko kwamitin lafiya na garinku, haƙƙinka ne. Idan kuma aka ce maka magani ya ƙare, ka nemi kwamitin ya bincika inda ya maƙale kafin ka ɗaga wa wadda ke gabanka murya.